Tafkin kifi a bayan gida, ga yaro ɗan shekara biyu

Wasiƙar wannan makon ta fito ne daga wata baiwar Allah a unguwar Tumfure da ke Gombe, kuma ta nemi a sakaya sunanta. Ga abin da ta rubuto a taƙaice:

"Assalamu alaikum, Anti. Maigidana ma'aikaci ne, bana ya gina tafkin siminti a bayan gidanmu ya zuba 'ya'yan tarwada, saboda albashi ba ya kai mu ƙarshen wata. Muna da yara biyu, mace 'yar shekara shida da namiji ɗan shekara biyu. Ranar Asabar ina tuƙa tuwo na nemi yaron na rasa, da na zagaya baya sai na tarar ya jawo kujera 'yar tsugunno ya hau, rabin jikinsa a kan bakin tafkin, yana miƙa wa kifi hannu. Na roƙi maigida a kewaye wurin, ya ce ai ya shimfiɗa raga, kuma yayarsa tana lura da shi, a bari sai an sayar da kifi nan da wata huɗu. Uwar mijina ta ce ita 'ya'ya takwas ta rena a gida mai buɗaɗɗiyar rijiya babu abin da ya same su, Allah ne mai tsarewa. Tun ranar ban ƙara samun barcin kirki ba. Zuciyata tana raya mini in kwashe yaran mu tafi gidanmu a Kumo har sai an gyara. Tsoro ne ya yi mini yawa, ko ina da gaskiya?"

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Kina da gaskiya, kuma rashin barcin nan naki ba cikin banza ba ne. Yaron da ya iya jawo kujera ya hau bakin tafki sau ɗaya ya riga ya san hanya, ya kuma san akwai abin sha'awa a can, saboda haka zai koma, ko an tsawata masa ko an dake shi, domin ɗan shekara biyu ba ya riƙe gargaɗi daga safe zuwa azahar. Maganar a jira wata huɗu ba ta taso ba. Dole a sa wani abu mai ƙarfi tsakanin yaron nan da ruwan nan a cikin makon da muke ciki, ko kuwa a zubar da ruwan.

Zan fara da yadda ruwa yake cin ƙaramin yaro, domin yawancinmu abin da muke zato ba shi ne yake faruwa ba. Muna tsammanin za a ji ihu ko fantsamar ruwa, a rugo a ciro shi. Ba haka abin yake ba. Yaro ɗan shekara ɗaya zuwa uku kansa ya fi sauran jikinsa nauyi idan aka kwatanta da babba, shi ya sa da zarar ya leƙa ya sunkuya, kan ne yake rinjayarsa ya faɗa da ka. Bakinsa da hancinsa suna shiga ruwa, murya ba ta fita, hannuwansa kuma ba su da ƙarfin da za su ɗago shi, balle a bangon siminti da gansakuka ta sa shi santsi. Cikin minti ɗaya ko biyu zai iya suma, kuma idan ƙwaƙwalwa ta yi minti huɗu zuwa shida babu iska, lahanin da ba ya gyaruwa yake farawa. Wannan lokaci bai kai na tuƙa tuwo a kwashe ba, bai kai na sallar raka'a huɗu da addu'a ba. Zurfin ruwan ma ba sai ya yi yawa ba, domin ruwan da bai wuce santimita 5 ba, wato kamar faɗin yatsu uku, ya isa ya rufe baki da hancin yaron da ya kife.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum kusan 300,000 ne ruwa ya ci a duniya a shekarar 2021, kuma kusan kashi ɗaya cikin huɗu na wannan adadi yara ne 'yan ƙasa da shekara biyar. Fiye da kashi 90 cikin 100 na mace-macen a ƙasashe marasa ƙarfin arziki da masu matsakaicin ƙarfi suke faruwa, irin tamu. Abin ya kai a shekarar 2021 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware ranar 25 ga Yuli ta kowace shekara domin faɗakarwa a kan wannan bala'i. Mu a Gombe idan aka ce ruwa ya ci mutum, hankalinmu madatsar ruwan Dadin Kowa yake tafiya, ko kogin Gongola, ko ambaliyar kwari a watan Agusta. Waɗannan manya da samari suka fi ci. Ƙananan yara kuwa, ruwan cikin gida ne yake ɗauke su, ko wanda yake 'yan taku kaɗan daga ƙofar gida, kuma galibi da rana tsaka, uwa tana gida tana aikinta.

Sai batun ragar da maigida ya shimfiɗa. Ragar zare da masu kiwon kifi suke sawa, domin tsuntsaye da ganyaye aka yi ta, da kuma hana tarwada tsallakowa. Ba ta ɗaukar nauyin yaro. Idan ya hau kanta za ta lotsa da shi cikin ruwa, ko ta yage, ko ƙusar da ta riƙe ta ta fita, sannan ta sarƙe masa hannu da ƙafa. Wani abin da ya fi tayar mini da hankali game da ita shi ne tana sa manya su saki jiki, tana kuma sa yaro ya ɗauka wuri ne da za a iya takawa. Gara tafkin da kowa ya san a buɗe yake da wanda aka lulluɓe da abin da ba ya tsare komai.

Yayar tasa kuma, don Allah a sauke mata wannan kaya. Na san al'adarmu ce yaya ta yi renon ƙane, kuma al'ada ce mai kyau a wurin wasa da ba da abinci da rarrashi. Amma 'yar shekara shida ita kanta abar tsarewa ce a gaban ruwa. Ƙawarta za ta kira ta wasan 'yar tsana ta manta da shi. Idan ta ga ya faɗa, tana iya ruɗewa ta yi shiru don tsoron duka, ko ta miƙa hannu ta ciro shi ya jawo ta su tafi tare. Ko da ita ta tsira, kin ɗora mata nauyin da za ta girma da shi har tsufanta, alhali ba laifinta ba ne. Abin da za ki koya mata ɗaya ne: duk lokacin da ta ga ƙanenta ya nufi bayan gida, ta ƙwala miki kira da ƙarfi, kuma ki tabbatar mata ba za a taɓa dukanta don ta faɗa ba.

Ke kanki, duk tsananin kularki, idonki ba zai iya zama a kansa daga asuba zuwa isha'i ba. Akwai girki, akwai wanki, akwai banɗaki, akwai sallama a ƙofar gida, akwai wayar da za ta yi ƙara. Ranar da ta fi kowace haɗari ma ita ce ranar da gida ya cika, ranar suna ko biki ko yawon Sallah, domin a ranar kowace mace tana ɗauka yaron yana hannun wata. Shi ya sa ba na yarda a ce wa uwa "ki ƙara sa ido" a tsaya nan, kamar an gama magana. Sa ido wajibi ne, amma shinge shi ne yake tsaye a lokacin da idon ya kauce, kuma zai kauce.

Ga irin shingen da nake nufi, kuma ki karanta wa maigida wannan ɓangaren a tsanake. Ya kewaye tafkin ta kowane gefe, yadda babu ƙofar ɗaki ko taga ko lungun da zai kai mutum bakin ruwa ba tare da ya bi ta ƙofar shingen ba. Tsayinsa kada ya gaza mita 1.2, wato ƙafa huɗu, daga ƙasa. Idan na ƙarfe ne, sandunan su kasance a tsaye, tazarar da ke tsakaninsu kada ta wuce santimita 10, haka ma tazarar da ke tsakanin ƙasan shingen da daɓe, domin inda kan yaro ya shiga jikinsa zai bi. A gaya wa mai walda kada ya gitta ƙarafa a tsakiya ko ya yi masa ado mai lanƙwasa, domin duk abin da aka gitta matakala ce ga yaro mai ƙiriniya. Idan na bulo ne, a yi masa filasta, kada a bar ramukan shan iska da ɗan yatsan ƙafa zai samu wurin kamawa. Ƙofar ita ce inda aka fi yin sake. Ta riƙa buɗewa zuwa waje, ba zuwa wajen ruwa ba, saboda idan yaro ya jingina da ita ya tura, rufewa za ta ƙara yi. A sa mata sifirin da zai mayar da ita da kanta, sakatar kuma ta kasance can sama inda ko ya hau kujera hannunsa ba zai kai ba, sannan a ƙara da kwaɗo. Mabuɗin ya zauna a wurin mutum biyu kawai, ke da maigida. Bayan haka a kwashe duk abin hawa daga kusa da shingen: turmi, bulon da ya saura daga gini, jarkoki, buhunan abincin kifi, da ita kanta kujerar da ya jawo ranar Asabar.

Idan bayan gidanku lungu ne mai hanyar shiga ɗaya, kamar yadda gidaje da yawa suke, to aikin ya zo da sauƙi, domin ƙyaure ɗaya na ƙarfe a bakin lungun zai raba tsakar gida da tafkin baki ɗaya, kuma kuɗinsa bai kai na kewaye ba. Wasu sun fi son murfi a kan tafkin. Yana yi, muddin na rodi ne ko wayar ƙarfe mai kauri da aka yi wa walda a kan firam, wanda babban mutum zai hau bai lotsa ya taɓa ruwa ba, kuma aka kulle shi da kwaɗo. Illarsa ita ce kiwon tarwada yana bukatar buɗewa kullum, wajen ba da abinci, da canza ruwa, da ware manya daga ƙanana, kuma murfin da ake ɗagawa sau biyu a rana wata rana za a bar shi a ɗage. Saboda haka ni shinge na fi zaɓa, murfi ya zama ƙari.

Kafin mai walda ya gama, daga daren yau, a toshe hanyar bayan gidan da abin da ake da shi, ko tsohon ƙyaure ne ko kwanon rufi da aka kafe da katako sosai, ba jingine shi kawai ba. A lokacin girki ki goya shi, ko ki rufe shi a ɗaki tare da ke, ko ki miƙa shi hannun wata babba ki ce mata da baki, "ga shi nan a hannunki har in dawo." A ƙasar Bangaladash, inda ruwa yake cikin manyan abubuwan da ke kashe ƙananan yara, abin da ya rage mutuwar sosai shi ne tara yaran unguwa a hannun mata masu kula da su daga safe zuwa azahar, daidai lokacin da iyaye mata suka fi shagala da aiki. Ke da maƙwabciyar da kika amince da ita za ku iya yin irin wannan karɓa-karɓa a tsakaninku.

A kuma daina kai shi kallon ba kifi abinci. Na san abin sha'awa ne, an watsa abinci tarwada ta taso tana ta fantsama, uba ya ɗaga ɗansa yana nuna masa, yaro yana dariya. A nan ne ya koyi cewa bayan gida ya fi ko'ina daɗi. Wayar injin jan ruwa ma a ɗaga ta sama, kada ta bi ƙasa inda ake jiƙa, ramin da ake zubar da tsohon ruwan kifi kuma a rufe shi ko a sa shi cikin shingen.

Tun da hankalinki ya riga ya tashi a kan ruwa, ki zagaya gidan gaba ɗaya. A Gombe kowa tara ruwa yake yi saboda ba kullum famfo yake kawowa ba, don haka akwai duro, akwai baho, akwai manyan bokitai, a wasu gidajen akwai tankin ƙasa ko rijiya. Bokitin fenti mai lita 20 da rabin ruwa a ciki ya isa ya halaka yaro mai tatata, domin yana da tsayi kuma ba ya kifewa idan yaron ya faɗa da ka. An gama wanki a zubar a kife bahon nan take. Duro ya samu murfi mai nauyi, rijiya da tankin ƙasa su samu murfin ƙarfe da kwaɗo, a kuma duba siminti na saman ramin masai ko ya tsage.

Yanzu maganar maigida. Ban ga alamar mugunta a abin da kika rubuto ba. Mutumin da ya fasa asusunsa ya gina tafki don ya ciyar da iyalinsa, yaran nan yake yi wa. Abin da ya same shi shi ne kuɗinsa duka sun shige cikin siminti da 'ya'yan kifi da abincinsu, kuma duk maganar ƙarin kashe kuɗi jinta yake kamar ana kushe ƙoƙarinsa. Saboda haka kada ki fara da zargi, kuma kada ki yi maganar a gaban Hajiya, uwar mijinki, ko a gaban yara. Ki samu lokacin da ya ci ya huta, ki fara da yi wa sana'ar addu'a, sannan ki kai shi bayan gidan ki ajiye kujerar a inda kika gan ta, ki nuna masa daidai yadda yaron yake a ranar. Abin da ido ya gani ya fi shiga rai. Ki je masa da farashi a hannu, wato ki sa ƙanenki ko wani amintacce ya tambayo mai walda kuɗin ƙyaure ɗaya tukuna, domin "a kewaye wurin" magana ce mai ban tsoro ga mai ƙaramin albashi, amma adadi sananne abu ne da za a iya neman hanyarsa. Idan kina da adashe ko ɗan abin hannu, ki ce za ki sa naki. Ba don nauyinki ba ne, sai don maganar ta tashi daga gardama ta koma aiki. Ki kuma tuna masa cewa ƙyauren da kwaɗo kifinsa ma zai tsare daga masu ɗan hali, kuma ba yaranku kaɗai ke shiga gidan ba. Akwai 'ya'yan maƙwabta, akwai almajiran da ke zuwa ɗaukar abinci, kuma mai tafki shi za a tambaya idan wani abu ya samu ɗan wani.

Hajiya kuwa, ba ke za ki yi jayayya da ita ba. Gaskiya ta faɗa, Allah ne mai tsarewa, kuma mun gode masa da ya raya mata takwas. Sai dai gidajen da rijiya ta ci musu yaro su ma suna nan, ba sa dai ba da labarin a wurin hira. Addininmu bai raba tawakkali da ɗaukar mataki ba. Tirmizi ya ruwaito cewa wani mutum ya tambayi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ko ya ɗaure raƙumarsa ya dogara ga Allah ko ya sake ta ya dogara, sai ya ce masa ya ɗaure ta sannan ya dogara. Wannan magana ta fi kyau ta fito daga bakin ɗanta, ko daga wani malami ko kawu da take jin nauyinsa. Sau da yawa kaka idan ta ga ana yi don jikanta ne, ba don a nuna ta yi kuskure a zamaninta ba, ita ce take fara cewa a yi.

Tafiya Kumo kada ta zama matakin farko, kuma kada ta zama yaji. Idan kin yi magana, kin kawo farashi, kin sa manya, mako ya wuce babu ƙyaure babu toshiya, to ki nemi izininsa a fili ki ce za ki kai yaran wurin iyayenki har a gama aikin, ki faɗi dalili ba tare da fushi ba. Wannan haƙƙin yaran ne. Idan kuma ya tabbata babu kuɗin ko kaɗan, akwai masu sayen tarwada tun ba ta gama girma ba, akwai kuma abokan sana'a da za su iya riƙe masa ita a nasu tafkin. A zubar da ruwan, a bar bututun fitar ruwa a buɗe saboda ruwan sama yana taruwa a tafkin da babu kowa, a sake zubi bayan an kewaye. Asarar zubi ɗaya ana mayar da ita.

Saura abin da ba ma fata, amma dole ki sani, ki kuma koya wa maigida da duk babban da ke gidan. Duk lokacin da aka nemi yaro aka rasa, wurin ruwa ake fara dubawa, kafin ɗaki, kafin maƙwabta. Idan an ciro shi ba ya numfashi, kada a riƙe ƙafafunsa a zazzage shi, kada a danna masa ciki don a fitar da ruwa, kada a ɗura masa manja ko madara. Duk waɗannan ɓata lokaci ne, kuma suna jawo amai ya shige huhu. Abin da yake bukata iska ce. A kwantar da shi rigingine a ƙasa mai tauri, a ɗan ɗaga haɓarsa, a toshe hancinsa a hura masa iska ta baki sau biyar, kowace hurawa daidai yadda za a ga ƙirjinsa ya ɗaga. Sannan a ɗora gindin tafin hannu ɗaya a tsakiyar ƙirjinsa a danna sau 30 da sauri, kamar sau 100 zuwa 120 a minti, ana lotsa ƙirjin kamar kashi ɗaya cikin uku na kaurinsa, a sake hura iska sau biyu, a koma danna 30. Jariri ɗan ƙasa da shekara ɗaya da manyan yatsun hannu biyu ake danna masa, hannuwan suna kewaye da ƙirjinsa, kuma bakin mai hurawa ya rufe bakinsa da hancinsa tare. A ci gaba da haka ba tsayawa, wani ya kira 112 ko ya nemo mota, a ci gaba da yi har a cikin motar. Idan numfashi ya dawo, a kwantar da shi ta gefe, a cire jiƙaƙƙun kaya a lulluɓe shi, a wuce asibiti kai tsaye, Asibitin Koyarwa na Tarayya ko Asibitin Ƙwararru na jiha ko wanda ya fi kusa. Ko da ya farfaɗo yana kuka yana wasa, a kai shi, domin ruwan da ya shiga huhu yana iya tayar da matsalar numfashi bayan wasu sa'o'i. Karanta wannan a rubuce bai kai a gwada da hannu ba, don haka ki tambayi ma'aikaciyar jinya a asibitin da kike kai shi rigakafi ta nuna miki, ko ki nemi ofishin ƙungiyar agaji ta Red Cross, suna koyar da taimakon gaggawa.

Ki yi magana da maigida yau ko gobe, kada ki bari sai ƙarshen mako, kuma ki rubuto mini ranar da aka kafa ƙyauren. Allah ya raya miki su, ya sa albarka a sana'ar.